Ra'ayi: Kafin matashin Agye ko Gazawa ya zuba kuɗin kaka a sabuwar waya

Da zarar an gama girbi a jihar Maraɗi, aya da wake da riɗi sun shiga kasuwa, masu sayar da wayoyin salula su ma sai su fara tasu kakar. Daga Gidan Runji zuwa Agye har Gazawa, garuruwan da babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa, matashin da ya samu 'yan kuɗi a hannu yakan dubi tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, ya ji lokaci ya yi da zai rabu da ita. Sau da yawa yana da gaskiya. Inda ake kuskure shi ne wajen zaɓen wadda za ta maye gurbinta.

Tsohuwar waya tana da ranar ƙarewa. Batir yakan mutu, ma'ajiya ta cika, manhajoji su daina buɗewa. Tun watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da iPhone 6. Ga ɗan kasuwar da ke jin farashin hatsi ta saƙon murya, ko magidancin da ke jiran kuɗi ta Nita ko Amana daga ɗansa da ke ci-rani a Libiya ko Abijan, wayar da ta daina aiki asara ce kai tsaye. Babu mai ce wa irin wannan ya ci gaba da haƙuri.

Sai dai tsakanin sauya waya da sayen babbar waya ta yayi akwai tazara mai nisa. Lokacin da kamfanin Apple ya fitar da iPhone 16 Pro Max a watan Satumban 2024, farashinta a Faransa ya fara daga Yuro 1,479. Da yake Yuro ɗaya na daidai da sefa kusan 656, kuɗin ya kai jika 970, tun kafin a sa ladan dako da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai yi watanni 23 bai ci ba bai sha ba kafin ya riƙe ta.

To, ko da an samu kuɗin, me wayar za ta tarar a ƙauye? Wani ɓangare na tsadarta na fasahar 5G ne, alhali a garuruwa da dama na waɗannan gundumomi ana ta neman inda rezon Airtel, Moov ko Zamani zai tsaya ne a aika hoto guda. Wutar lantarki ma haka. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da ita a faɗin ƙasar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Mutanen Gazawa sun fi kowa sanin wannan, domin ta garinsu layin wutar da ke tasowa daga Katsina ke shigowa, kuma sun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wayar kusan miliyan ɗaya takan ƙare ne a teburin mai caji na bakin kasuwa, a jere da ƙaramar itel, kan sola guda.

Sannan ga gyara. Gilashin Tecno ko Infinix ana samunsa wajen masu gyara a Maraɗi cikin sauƙi, domin wayoyin kamfanin Transsion na China sun cika kasuwannin Afirka. Gilashin asali na babbar Samsung ko iPhone kuwa, kuɗinsa kaɗai kan sayi sabuwar matsakaiciyar waya. Wanda ya ce zai kauce wa tsada ya sayi ta hannu, shi ma yana iya faɗawa kan wadda aka sauya wa batir, ko wadda ke kulle da asusun mai ita na farko, ko ma ta sata. A yankin Gidan Runji, inda 'yan bindiga daga tsallaken iyaka suka daɗe suna addabar jama'a, nuna abin hannu ma ba dabara ba ce.

Babbar illar tana bayyana ne a watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero ya yi tsada, gona kuma na neman taki. A nan ne wayar da aka saya da alfahari a kaka ke komawa kasuwa da ragi mai yawa. Akuyar da aka sayar domin a cika kuɗinta, da an bar ta da ta haihu. Waya kuwa daga ranar da aka ɓare kwalinta darajarta ke sauka.

Akwai waɗanda babbar waya sana'arsu ce: mai ɗaukar hoton biki, mai haɗa bidiyo, ɗan jarida. Su za su iya lissafa watannin da za ta mayar da kuɗinta, kuma alƙawarin da Samsung ya yi na sabunta manhajar Galaxy S24 har shekara 7 hujja ce a gare su. Saura kuwa tambayoyi huɗu sun ishe su a gaban mai shago: batirin zai wuni? Tana kama 4G? Akwai kayan gyaranta a Maraɗi? Za a iya biya ba tare da bashi ko taɓa rumbu ba? Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kafin a miƙa tsohuwar kuma, a kwashe lambobi da hotuna, a fita daga asusun kuɗi da na WhatsApp, a goge komai. Sirrin gida da yawa ya fita ne ta hanyar wayar da aka sayar cikin gaggawa.