Jiƙewar dardumar direba ba ƙaramin al'amari ba ne

Kwanakin baya mun shiga wata tasi daga Nima za mu je Madina, sai muka lura direban, wani ɗan uwanmu ɗan zango, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin ƙafarsa, kwalin kuma ya jiƙe sharkaf. Da muka tambaye shi me ke zuba, sai ya yi murmushi ya ce ai damina ce, kowace mota haka take. Alhali an kwana biyar ko yayyafi ba a yi ba a Ankara. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana da direbobinmu da masu motocin haya da kanikawanmu, domin Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ra'ayinmu a nan shi ne, duk motar da aka ga danshi a wurin ƙafar direba, bai kamata ta ɗauki fasinja ba sai an gano ko mene ne. Ganowar kuma ba ta bukatar na'ura mai tsada. Farar takarda da tocila da hanci sun wadatar, domin abubuwan da kan zubo a wurin ba su cika wuce huɗu ba.

Na farko shi ne ruwan sama. A gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, akwai magudana da ke fitar da ruwa. Ƙurar hunturu da ganyen bishiya kan toshe ta, da ruwa ya sauka sai ya taru ya gangaro cikin mota. Haka ma robar ƙofa idan ta tsufa, ko gilashin da aka canja ba a liƙe shi da kyau ba. Gwajin mai sauƙi ne: mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa daga waje, gefe bayan gefe.

Na biyu shi ne ruwan na'urar sanyaya mota. Wannan na'ura tana tatso ruwa daga iska, tana zubar da shi ƙasa ta wani ɗan tiyo. Idan tiyon ya toshe sai ruwan ya dawo ciki. A motocinmu masu sitiyari a hagu ya fi zuba a gefen fasinja, amma yakan kwararo wajen direba idan an sha kwana. Shi da ruwan sama duk fari ne tas, ba santsi, kuma idan an ɗiga a takarda zai bushe.

Na uku shi ne ruwan lagireto. Yawancin motocin da ke sauka a tashar Tema an ƙera su ne domin ƙasashe masu sanyi, saboda haka a bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto na hita, wanda ruwan injin ke bi ta cikinsa. Mu a nan ba mu kunna hita, amma a motoci da yawa ruwan yana zagayawa ta ciki ko an kunna ko ba a kunna ba. Idan ya huje za a ga ruwa mai launin kore ko ja, mai ɗan danƙo da ƙanshi kamar na alewa, gilashin gaba kuma ya riƙa yin hazo mai maiƙo daga ciki. Kada a kuskura a ɗanɗana, guba ne da ke kashe ƙoda. Kada kuma a buɗe murfin lagireto injin na da zafi.

Na huɗu, wanda ya fi tayar mana da hankali, shi ne man birki. A mota mai kuloci, abin da kanikawa ke kira masta yana manne ne a bangon da ya raba injin da ɗakin direba, sandarsa kuma ta shigo har jikin abin takawa. Idan robar bayansa ta cinye, man yakan biyo sandar ya ɗiga a kan darduma ko takalmin direba. Launinsa kamar na man gyaɗa ne, idan ya tsufa ya yi duhu, yana da santsi a yatsa, yana kuma cin fenti. Motoci da dama kwalba ɗaya ce ke ba birki da kuloci mai. Shi mastan birki kuwa, sau da yawa yakan zubar da nasa ne cikin tukunyar iska da ke bayansa, ba a gani, sai dai a ga mai yana raguwa. A buɗe bonet a duba ko man ya sauka ƙasa da layin da aka zana a jikin kwalbar. Sannan a taka birki a riƙe. Idan ƙafa tana nitsewa a hankali, to motar nan ba ta hanya ba ce.

Mun san abin da direba zai ce. Mai mota yana jiran kuɗinsa kowace yamma, ga kuɗin fetur, ga cefane, wuni ɗaya a gareji hasara ce. Wannan gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma direban da ke ƙara man birki kowace safiya yaudarar kansa yake yi, domin birki ba ya shan mai kamar injin. Ɗan raguwar da yake yi sai a tsawon watanni, yayin da takalman birki ke cinyewa. Ranar da man zai ƙare ba zai yi sallama ba, wataƙila sai an kama gangaren dutsen Aburi da mutum huɗu a cikin mota. Ko da ruwan sama ne ma, yana ruɓar da ƙasan mota, yana lalata wayoyin da ke bi ƙarƙashin darduma, jiƙaƙƙen takalmi kuma yana iya zamewa daga kan birki.

Saboda haka muna kira ga masu motoci su yafe wa direba kuɗin ranar da ya kai mota gyara. Kanikawanmu na Suame da na Ankara su daina cewa "je ka, ba komai" ba tare da sun durƙusa sun leƙa ba. Wanda zai sayi masta a Abossey Okai ya tuna araha ba ta ado. Shugabannin tasha kuma su riƙa leƙa ƙasan motocin da ke kan layi. Mu fasinjoji ma, idan mun ga kwali a jiƙe, mu yi tambaya, ba rashin kunya ba ne.

Mun yarda da ƙaddara, amma addininmu bai ce a bar rigakafi ba. Rayukan da ke cikin mota amana ce a wuyan direba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba kowa halalinsa, amin.