Wa Ke Da Iko Da Labarin Da Jama'a Suka Riƙe?

Bayan musun ƙwallo, babu gardamar da ke ɗaukar zafi a majalisun matasan Damari da Sabuwa kamar ta fim mai dogon zango. A shagon cajin waya, inda ake tura wa mutane sabon fitowa a memori, za ka ji wani ya buga cinya yana cewa, "Wallahi sun ɓata fim ɗin nan!" Na kusa da shi ya amsa, "To kai ne ka zuba kuɗinka?" Dattawa na ganin shirme ne. Ni kuwa ina ganin tambaya ce mai nauyi: idan marubuci ya ƙaga wata duniya, jama'a suka shekara suna rayuwa a cikinta da zuciyarsu, shin yana da ikon juya ta yadda ya ga dama?

Mu ɗauki Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fita a 2020 a tashar Arewa24 da YouTube. Da Nafisa Abdullahi ta janye a 2022, aka ɗora Fati Washa a matsayin Sumayya, masu kallo sun rabu gida biyu. Wasu suka ce, "Wannan ba Sumayyarmu ba ce." Wasu suka ce a yi haƙuri, ido zai saba. Daga baya kuma aka buɗe sabon labari ɗungurungum, na Mainasara, da Sadiq Sani Sadiq, musu ya sake tashi: me ya sa ba a sauya wa shirin suna ba?

Ba mu kaɗai ke wannan rigima ba. A Amurka akwai wasan da ake kira Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Abokai ne ke zama kewaye da tebur, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, sadauki ko matsafi ko ɓarawo, ana jefa ƙwaya irin ta lido don a ga wanda ya yi nasara a karo. Shahararriyar duniyar da ake buga wasan a cikinta ita ce Forgotten Realms, wadda wani ɗan Kanada, Ed Greenwood, ya ƙaga, aka buga ta a matsayin duniyar wasan a 1987, da taswira da birane da sarakuna da tarihinsu.

A 2008 kamfanin Wizards of the Coast, mai mallakar wasan, ya fito da sabon bugu. Suka saukar wa duniyar wata annobar tsafi, suka tsallake kusan shekara 100 gaba. Ƙasashe suka ɓace daga taswira, jaruman da mutane suka shafe shekara ashirin suna bibiya tsufa ya kwashe su ba tare da an ga jana'izarsu ba. Masoya suka yi ca. Da yawa suka ƙi sayen sababbin littattafan, suka ci gaba da wasa da tsofaffin. A bugun 2014 sai da kamfanin ya mayar da akasarin abin da ya rushe.

Laifin kamfanin nan ba sauyi ba ne, domin labarin da ba ya motsi mutuwa yake yi. Laifinsa shi ne ya rushe gidan da mutane ke ciki don ya gina wa baƙi sabo, alhali ga fili nan fetal a gefe. A nan ne nake ganin Aminu Saira ya fi su dabara. Da ya so sabon abu, sai ya kawo sababbin mutane da sabuwar matsala, ya bar mutanen tsohon labarin, su Sumayya da Mahmud da Baba Ɗan Audu, yadda masu kallo suka san su. Sauyin fuska kuwa dole ce ta kawo shi, kuma dole ba a yi mata gardama. Abin da ba zan yafe wa marubuci ba shi ne ya wayi gari ya mayar da mai haƙuri mafaɗaci ba dalili, ko ya manta alƙawarin da jarumi ya ɗauka a zangon baya, yana zaton mun manta. Ba mu manta ba. Yaron da ke kallo a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi ya fi wasu marubutan riƙe labarin.

Kuma a yankinmu abin yana da wani nauyi na daban. Mutanen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara sun ga yadda ake sauya wa mutum rayuwa ba tare da shawararsa ba: gona ta gagari mai ita, hanyar kasuwa ta zama abin tsoro, a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da ukun nan. Wanda ya ga haka, idan ya zauna da dare ya buɗe shirin da ya saba, yana so ya tarar da mutanen da ya bari jiya suna nan da halinsu. Wannan ba ƙaramar buƙata ba ce, kada wani ya raina ta.

Sai dai mu ma masu kallo a ja mana kunne. Jin haushin labari bai halatta zagin 'yar wasa ko iyayenta a Facebook da TikTok ba. Aiki aka ba ta, ta karɓa. Mai ƙorafi ya faɗi inda labari ya karkace, da hujja, cikin mutunci.

Ku kuma marubutan Kannywood, ku tanadi littafi ku rubuta tarihin kowane jarumi da halinsa da abin da ya taɓa faɗa, ku duba shi kafin ku fara sabon zango. In za ku kashe wanda muke so, ku kashe shi a gabanmu, da dalilin da hankali zai ɗauka. In kuwa sabuwar duniya kuke so, ku gina ta a gefe, za mu biyo ku mu gani.