Intanet a gida: maƙwabci ya fi mai talla sanin gaskiya

Tun da aka ba kamfanin Starlink izinin aiki a Nijar a ƙarshen shekarar 2024, ya kuma soma aikin a 2025, zancen da ake yi a fada da bakin kasuwa shi ne: wane layi ya kamata magidanci ya sa a gidansa? A da zaɓin ba shi da yawa. Akwai Niger Telecom, wanda aka kafa a 2016 bayan an haɗe Sonitel da SahelCom, akwai Airtel, akwai Moov Africa, sai Zamani Telecom da ya gaji Orange bayan an sayar da shi a 2019. Yanzu ga na biyar ya sauko daga sama. Ni a ganina, yawan zaɓin bai sa jama'a sun ƙara wayo wajen saye ba, domin har yanzu allon talla na bakin titi ne ke yanke ma mutane shawara.

To, jama'a, allon talla bai san ɗakinku ba. Rezo abu ne na unguwa, wani lokaci ma na kusurwar gida. Kamfanin da ke gudu kamar iska a tsakiyar Yamai yana iya zama rarrafe a bayan garin Maraɗi ko a wata sabuwar unguwa ta Damagaram. Dalili kuwa a fili yake: antene ɗaya ce mutanen unguwa ke rabawa, in suka yi yawa sai rabon kowa ya ragu. Saboda haka kafin mutum ya fidda jikkunansa ya sayi akwatin wifi, ya ari katin sim na kamfanin, ya gwada a cikin ɗakin da za a yi aikin, kuma da dare bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya koma gida ya kama salula. Gwajin ƙarfe 10 na safe yaudarar kai ne. Sannan ya tambayi maƙwabcin da ya yi wata shida da layin, ya ce masa: ran da ya lalace, kwana nawa aka yi kafin a gyara?

Wannan tambaya ta gyara ita ce babba, ita ce kuma ake mantawa. Waya mai gilashi da ake ja har cikin gida ta fi duk sauran ƙarko da tsayawa, amma sai a inda aka riga aka shimfiɗa ta, kuma ran da masu haƙar rami suka tsinke ta, sai jiran ma'aikata. Wanda ya sayi farantin Starlink daga hannun wani ɗan kasuwa da ya shigo da shi ta bayan fage, shi ma ran da ya tsaya ba ya da ofishin da zai kai kuka. Ɗan kasuwar da ke karɓar odar kaya daga Kano ta WhatsApp, ko ɗalibar da ke neman darasi ana saura mako biyu jarrabawa, kwana uku babu layi a wurinsu asara ce ta gaske.

Sai batun wuta. Duk mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Ko ba a yi haka ba, kowa ya san yadda ake ɗauke wuta a lokacin bazara. Ƙaramin akwatin wifi mai batir yana iya jure ƴan awoyi. Babban farantin Starlink kuwa yana shan wat 75 zuwa 100, ƙaramin nasa kuma ƙasa da rabin haka. Wanda ba ya da sola da batir, ya lissafa kuɗinsu cikin kuɗin sayen, in ba haka ba ya sayi doki ne babu ciyawa. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana rage masa gudu, ko da yake damina tamu gajera ce.

Ba ina cewa kada a saya ba. A ƙauyen da rezo ba ya kaiwa, ko ga gida mai mutum ashirin, ko ga maƙwabta huɗu da suka haɗa kuɗi, babu abin da ya kai shi. Yana da wata fa'ida kuma: ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake biyowa, shi ya sa da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024 muka ji a jikinmu. Tauraron ɗan adam ba ruwansa da wannan. Amma ga mai mata ɗaya da yara uku, wanda buƙatarsa saƙon murya ne da ɗan kallon labarai, wannan sayen rigar da ta fi ƙarfin wuya ne. Kuma kuɗin watan nan waje yake tafiya, ba ya biyan albashin wani ɗan Tawa.

A kula da kalmar nan “ilimite” da ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Sau da yawa akwai iyaka a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: in an cinye adadin giga kaza, sai a rage gudun har ya zama hoto ɗaya ma ba ya buɗewa. Awa ɗaya ta kallon bidiyo na iya cin kusan giga ɗaya, yara kuma ba su san tsada ba. A tambayi mai sayarwa iyakar, ya faɗe ta da bakinsa, a ga inda aka rubuta ta.

Duk wannan wahalar bincike bai kamata ta rataya a wuyan talaka shi kaɗai ba. Hukumar ARCEP, mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, ita ke da kayan awo da ikon cin tara. Abin da muke roƙo shi ne ta riƙa fitar da sakamakon awonta gari-gari, unguwa-unguwa, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Zarma da sauran harsunan ƙasa. Ta kuma tilasta ma kowane kamfani ya maida ma mai layi kwanakin da ya biya bai samu aiki ba, domin a yau wata yana ƙarewa ne ko layin ya yi aiki ko bai yi ba.