KAFIN TAKARDA TA ISO

Ina roƙon ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu in yi magana a kan wani al'amari wanda ba a cika tattauna shi a kwalejojin horon malamai ba, amma kuwa yana taɓa waɗansu 'yan'uwanmu da suka yi nisa a karatu. Al'amarin nan shi ne neman shiga jami'a a ƙasashen waje don yin digirin dokta a fannin Jamusanci, da kuma zaman jiran amsa wanda ke biyo bayan aika takardu. Ra'ayina a kan wannan guda ɗaya ne. Ya kamata mai nema ya yi amfani da watannin jiran nan ya auna jami'o'in kamar yadda su ma su ke auna shi, ya yanke wa kansa sharuɗɗan da zai yarda da su tun amsa ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko bari in bayyana wa ƙannenmu abin da a ke nufi da wannan fanni. Ilmi ne na harshen Jamusanci da littattafan da aka rubuta da shi a Jamus da Austiriya da Suwizalan, irin su na Goethe da Schiller da Kafka da Thomas Mann, tare da tunanin masanansu kamar Kant da Hegel, da tarihin mutanen da wasanninsu da finafinansu. A nan Nijeriya ana koyar da Jamusanci a jami'o'in Badun da Ife da Nsukka, kuma akwai Cibiyar Goethe a Ikko tun shekarar 1962. Wanda ya gama digirinsa na farko ko na biyu a ɗayan waɗannan wurare, in yana son ya kai ƙarshen karatun, ya kan duba Amurka ko Jamus kanta.

To, ga yadda a ke neman shiga a Amurka. Galibin jami'o'in, kamar su Harvard da Yale da Princeton da Cornell da Berkeley da Michigan da Wisconsin, su kan rufe karɓar takardu ne tsakanin farkon Disamba da tsakiyar Janairu. Mai nema zai aika da takardar bayanin manufarsa, watau abin da ya ke so ya bincika da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan jami'a. Zai haɗa da wani rubutu nasa na ilmi don a ga ƙarfin alƙalaminsa, da takardun shaida daga malamai uku da suka san shi, da sakamakon jarrabawarsa na baya, da shaidar ya iya Turanci in an bukata. Kowace jami'a kuma tana da kuɗin cika takarda da a ke biya da dala, wanda in an juya shi zuwa naira ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan malamin makaranta. Daga nan sai shiru. Amsa ba ta cika zuwa ba sai cikin Fabrairu ko Maris.

Wannan shirun shi ne ke cin ran mutane. Za ka ga mutum ya rame, ba ya iya cin tuwo, yana duba saƙonnin wayarsa dare da rana kamar mai jiran ganin watan Salla. Amma dalilin jinkirin a fili ya ke. Malaman sashen su ne da kansu ke karanta takardun, a kan aikinsu na koyarwa. In sun gama sun zaɓa, sai su jira hukumar jami'a ta gaya musu ɗalibai nawa ne a ke da kuɗin ɗauka bana. Sassan Jamusanci kuwa ƙanana ne, waɗanda su kan ɗauka a shekara ba su cika wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Waɗansu masu nema a kira su a gana da su ta waya ko ta intanet, waɗansu a sa su a jerin masu jiran gurbi, watau in wani ya ƙi zuwa a kira su, saura kuwa a ba su haƙuri.

Saboda haka wanda aka bai wa haƙuri kada ya ɗauka an auna hankalinsa ne aka ga bai kai ba. Sau da yawa abin da ya faru shi ne malamin da ya dace da bincikensa zai yi ritaya, ko ɗalibai sun yi masa yawa, ko kuwa sashen ya ɗauki masu nazarin waƙa biyu bara, bana yana neman mai nazarin fim. Wannan ba abin da mai nema zai iya gyarawa daga ɗakinsa ba ne, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Abin da ke hannunsa shi ne shirin abin da zai yi in amsa ta zo da kyau, don a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Murna ta kan rufe ido, mutum ya ce na yarda tun bai karanta takardar har ƙarshe ba.

Tambaya ta farko da zai shirya ita ce ta kuɗi. Jami'o'in kirki a Amurka su kan ɗauke wa ɗalibin dokta kuɗin makaranta, su ba shi alawus na zaman gari da inshorar asibiti, galibi har shekara 5, shi kuma ya riƙa koyar da Jamusanci ga 'yan ajin farko a waɗansu shekarun. Amma karatun ya kan kai shekara 6 ko 7. To, wa zai ciyar da shi a shekarun da suka rage? Alawus ɗin na wata 9 ne ko na wata 12? Nawa ne kuɗin hayar ɗaki a garin? Kuɗin da zai ishi mutum a ƙaramin gari ba zai kai shi tsakiyar wata ba a babban birni. Ni shawarata a nan ba ta da kwana. Wanda aka ce masa ya zo amma ya biya da kansa, ko ya zo a ga abin da za a iya yi masa daga baya, lalle ya gode musu ya zauna. Kada mutum ya sa mahaifinsa ya sayar da gona, ko ya ci bashi, saboda digirin dokta a wannan fanni, domin aikin da zai samu bayansa da wuya ya biya bashin.

Tambaya ta biyu ita ce ta malami. Sunan jami'a ba ya duba rubutun ɗalibi, mutum guda ne ke dubawa, kuma da shi za a zauna shekara da shekaru. Sai mai nema ya karanta abin da malaman sashen suka rubuta a cikin watannin nan na jira, ya ga ko akwai aƙalla biyu da zai iya aiki da su, don in ɗaya ya tashi kada ya zama maraya. Sa'an nan ya rubuta wa ɗaliban da ke can yanzu, ya tambaye su cikin ladabi: malam ya kan mayar da rubutu da wuri? Nawa ne suka fara, nawa suka gama? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Tambaya ta uku, wadda ta fi ɗaci, ita ce ta aiki. Ƙungiyar malaman harsunan zamani ta Amurka ta kan ƙidaya masu koyon harsuna a jami'o'in ƙasar, kuma ƙidayarta ta nuna masu koyon Jamusanci sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku tsakanin 2016 da 2021. A shekarar 2023 Jami'ar West Virginia ta soke digirorinta na harsunan waje. A 2025 kuma Jami'ar Chicago, duk da girmanta, ta ba da sanarwar dakatar da ɗaukar sababbin ɗaliban dokta a sassa da yawa, har da na Jamusanci. In ɗalibai sun ragu, gurbin malamai ma raguwa ya ke yi. Don haka mai nema ya tambayi sashen kai tsaye ina waɗanda suka gama a shekarun baya su ke aiki yanzu. Sashen da ya riƙe gaskiya zai faɗa. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye kuwa, ai ya riga ya ba da amsa.

Na san wani zai ce, Malam, wannan magana taka ta masu ƙoshi ce. Mutumin da ke roƙon a buɗe masa ƙofa, shi ne zai tsaya yana ciniki? In ya cika tambaya ba za su ce ya faye fitina su ba wani ba? Wannan tsoro ne da na gane, amma ba shi da tushe. Jami'o'in Amurka masu yawa sun sa hannu a kan wata yarjejeniya da ta ce ɗalibin da aka yi wa tayin gurbi da kuɗi ba dole ba ne ya ba da amsa kafin ran 15 ga Afrilu. Watau wanda takardarsa ta zo a Fabrairu yana da makonni a hannunsa na bincike da shawara, kuma ba wanda zai ƙwace tayin don ya yi tambaya. Su da suka zaɓe shi daga cikin tarin takardu, su ma suna son ya zo. Sai dai akwai hakkin wani a wuyansa. In ya tabbata ba zai je wani wuri ba, ya gaya musu da wuri, domin akwai ɗan'uwansa a jerin masu jira wanda barcinsa ya dogara a kan wannan amsa.

Har ila yau, watannin jira lokaci ne na buɗe hanya ta biyu. A Jamus tsarin dabam ne. Hanyar da aka fi bi ita ce mutum ya rubuta tsarin bincikensa, ya nemi farfesa guda ya yarda ya riƙe shi. Jamusawa su kan kira wannan malami Doktorvater, watau uban dokta, in mace ce kuwa Doktormutter. Wannan hanya ba ta da ranar rufewa guda kamar ta Amurka, kuma galibin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin da a ke biya kowane zango. Wahalar tana wajen abin ci da wurin kwana, gama ba a ba da izinin shiga ƙasar sai mutum ya nuna yana da abin riƙe kansa. Don haka ne a ke neman taimakon hukumar musayar ɗalibai ta Jamus da a ke kira DAAD, wadda aka kafa a 1925, mai babban ofishi a Bonn. Kowace hanya mutum ya bi, harshen shi ne jari. Matakan gwajin harshe guda 6 ne, daga A1 zuwa C2, kuma mai son nazarin adabi lalle ya kai na biyar ko na shida. Wanda ya ɓata Janairu da Fabrairu yana karanta littattafan Jamusanci yana gyara nahawunsa bai yi asara ba, ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba.

Kada wani ya ji duk wannan ya ce ina hana mutane karatun ne. A'a, muna bukatar masu shi ƙwarai. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta labarin tafiyarsa cikin littafi mai juzu'i 5. Adam Mischlich ya buga ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma yi aiki da Alhaji Umaru na Kete Karachi. Dikwa da Mubi sun taɓa zama ƙarƙashin mulkin Jamus a cikin Kamaru, kuma takardun mulkin nan suna ajiye a Barlin, da yawansu cikin tsohon rubutun hannu na Jamusawa wanda ko 'ya'yansu na yau sai sun koya su ke iya karantawa. Wani yanki ne na tarihinmu ke kulle cikin harshen wasu. Wanda ya shiga karatun yana sane da abin da ya je nema, yana kuma da niyyar komowa ya koyar a jami'o'inmu da kwalejojinmu, raguwar aiki a Amurka ba za ta firgita shi kamar ɗan can ba.

Ku kuma malamanmu da iyayenmu, ina roƙonku abu guda. Ku rage tambayar yaran nan kullum, ina labari, ina labari. In labari ya zo za ku ji. Ku taimake su da karanta takardar tayi in ta iso, ku kuma ƙarfafa musu gwiwa in ta zo da haƙuri, gama akwai waɗanda sai a nema na biyu suka samu, bayan sun gyara rubutunsu sun canja inda su ke nema. Sannu ba ta hana zuwa.

Kai kuwa ɗan'uwa mai jira, ɗauki takarda yau ka rubuta mafi ƙarancin kuɗin da za ka iya rayuwa da shi, da sunayen malaman da ka ke so ka yi aiki da su, da abin da za ka yi baɗi in duk sun ce a'a. Ka ajiye ta inda za ka gan ta ran da amsa ta zo. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.