A Bar Aljanin Nan Ya Huta: Martani Ga Masu Cewa "Bi Kasuwa"

Babu shawarar da ta fi cutar da marubucin Hausa irin wadda ake ba shi da sunan tausayi, wato "rubuta abin da kasuwa ke so". Ga shi yanzu ana neman a dulmiyar da wani matashi ɗan ƙungiyarmu da ita. Yaron nan yana da zaren labari biyu, yana neman wanda zai saƙa littafinsa na gaba da shi. Na farko labarin wani yarima ne da aka ƙwace wa sarauta, ya tafi neman takobin tsafi a bayan teku bakwai, da taimakon sarkin aljanu. Na biyu kuwa Kano ce a shekarar 2090, bayan rijiyoyi sun ƙafe, ruwa ya zama kuɗi, ƙungiyar 'yan garuwa ta fi gwamna iko. Manyanmu suka yi masa caa, wai ya ɗauki na farko domin shi ne mai fita. Ni kam na ce a'a, kuma ga dalilina.

Kada wani ya ce ina gaba da aljanu. Da su aka yi wa ƙagaggen labarinmu wankan jego. Gandoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, cike yake da su. Amma sai bayan Nasara sun ci ƙasa Gandoki ya faɗa duniyarsu, ya je ya sami nasarar da bindiga ta hana shi a gida. Aljanin Kagara yana ɗauke da ciwon mutanen da aka ci da yaƙi. To shi aljanin yaronmu, ciwon wa ya ɗauko? A cire shi a sa boka, a cire takobin a sa zobe, labarin bai motsa ba. Mun karanta irinsa har mun haddace, sunan birnin kawai ake sauyawa.

Yanzu a gwada cire ƙarancin ruwa daga labari na biyu, a ga ko zai tsaya da ƙafarsa. Ba zai tsaya ba, domin komai a kansa ya rataya. Idan jarka ta zama kuɗi, da me za a biya sadaki? Mutum ya rasu ya bar rijiya ɗaya mai sauran danshi da 'ya'ya goma sha huɗu, yaya alƙali zai raba gadon? Me zai faru da marinar Ƙofar Mata? Yaron da ya tashi bai taɓa ganin an yi alwala ba sai taimama, me zai ji ranar da ya ga wani attajiri yana wanke mota? Kuma ɗan garuwan da jiya ake yi wa tsawa a ƙofar gida, yau da makullin gari ke hannunsa, adalci zai yi ko ramuwa? Kowace tambaya a nan babi ce, kuma kowace tana haifar 'yar'uwarta. Marubucin da ya samu zare irin wannan ya ajiye shi don takobi, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Ba tatsuniya ya ƙirƙiro ba kuma. Tafkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963 ya tsuke da kimanin kashi 90 cikin 100 kafin ƙarshen shekarun 1980, duk da ya ɗan farfaɗo daga baya. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. Masunta da manoman fadamun Haɗejiya da Nguru sun san abin da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka yi wa ambaliyar da suke rayuwa a kanta. Abin da ya rage wa marubuci shi ne ya ja layin ya kai shi inda ya dosa.

Wasu sun ce ai labarin gobe shiga gaibu ne. Haba jama'a! Mai duba cewa yake "kaza zai faru". Marubuci kuwa cewa yake "da a ce kaza ya faru, yaya za mu yi?" Manomin da ya dubi sama ya tanadi hatsi a rumbu, ba wanda ya taɓa kiran sa ɗan duba.

Wasu kuma suka ce Bahaushe ba ya karanta irin wannan. Yaushe aka ba shi ya ƙi? Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro ya kai shi yawon sararin samaniya, aka karanta shi a makarantu shekara da shekaru. Hanyar da ya share sai muka bari ciyawa ta cinye ta, sa'annan muka juyo muna ɗora wa mai karatu laifi. Abin takaicin ma, wasu sun riga mu zuwa gonarmu. A 2007 Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka, ta fitar da The Shadow Speaker, labarin da ta kafa a ƙasar Nijar ta shekarar 2070. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, ta yi aikinta. Amma marubutan Zinder da Maraɗi da Katsina fa, ina suke lokacin da ake zana musu gobensu da Ingilishi?

Ita kanta kasuwar da ake yi mana barazana da ita, yaushe ta taɓa sanin abin da take so kafin ta gan shi? Frank Herbert ya je jihar Oregon a 1957 don ya rubuta rahoto kan yadda ake tsayar da rairayi mai cin ƙasa. Rahoton bai fito ba, sai labarin Dune, na wata duniyar hamada inda ɗigon ruwa ya fi zinariya. Kamfanonin ɗab'i sama da 20 suka ƙi shi, sai a 1965 wani kamfani mai buga littattafan gyaran mota ya karɓa. Yau yana cikin labaran kimiyya mafiya ciniki a duniya. Herbert hamada ya je kallo, mu kuwa ita ke ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Gaskiya ɗaya zan ba abokan jayayyata: labari na biyu ya fi wuya nesa ba kusa ba. Aljani ba ya neman bincike, duk inda marubuci ya maƙale sai ya kira shi ya fitar da shi. Labarin ruwa kuwa sai yaron nan ya zauna da masu haƙar rijiyar burtsatse ya ji zurfin da suke kaiwa yanzu, ya tambayi malaman fiƙihu hukuncin sayar da ruwa, ya bi ɗan garuwa da kurarsa yini guda ya ƙirga jarkokin. Zai iya cin shekara biyu, alhali na takobin wata uku ya ishe shi. Ina zargin wannan wahalar ce manyan namu ke gudar masa, domin su ma ita suka guda, sai suka laƙaba wa kasuwa.