Lissafin miƙaƙƙen layi yana cikin buhun hatsi

Duk shekara idan jarrabawar BEPC ta gabato, ƴan ajin ƙarshe na kolej suna haddace y = ax + b kamar waƙa. Amma ka ba yaro ɗigo ɗaya da gangaren layi, ka ce ya fiddo lissafin layin, sai ya tsaya yana kallon allo. A ganina matsalar tana ga inda muke fara darasin: muna ba shi ƙa'ida da Faransanci tun bai san abin da take aunawa ba.

Gangare, wanda littafi yake kira coefficient directeur, amsar tambaya ɗaya ce: idan x ya ƙaru da ɗaya, nawa y yake ƙaruwa ko raguwa? Kowace uwar gida ta san wannan. A ce gida yana cin tiya 2 ta hatsi kullum, kuma a rana ta 5 an auna buhu an tarar da saura tiya 30. To ga gangare, wato -2, tunda hatsin raguwa yake yi. Ga kuma ɗigo, wato (5, 30). Sai a rubuta y - 30 = -2(x - 5), a warware a samu y = -2x + 40.

Yanzu a tambayi yaro: mene ne 40? Tiyoyin da ke cikin buhu ne ranar da aka buɗe shi. Yaushe y zai zama sifiri? Rana ta 20, ranar da hatsi zai ƙare. Yaron da ya gane haka ba zai manta da alamar ragi ba, domin ya san buhu ba ya cika kansa.

Na san malamai za su ce darussa da yawa, ajin ya cika, lokaci kaɗan. Gaskiya ne. Sai dai wannan misali bai wuce minti goma ba, alhali kuwa maimaita darasin da ba a fahimta ba yana cinye mako guda. A fara da Hausa, a zana layin a allo, sannan a kawo sunayen Faransanci da za a tarar ranar jarrabawa.

Ku kuma iyaye, ba sai kun yi lakwal ba. Ku sa yaro ya lissafa muku ranar da buhu zai ƙare, ko abin da zubin adashe zai kai nan da mako takwas. Idan ya iya yi muku bayani da bakinsa, rubuta shi a takarda ba zai gagare shi ba.