An Yi Masa Allura, Amma Ya Kamu

 

Makon jiya na je barka gidan wata ƙawata, sai hira ta kai mu ga allurar rigakafi. Wata baiwar Allah mai goyon ɗan wata goma ta ce ita kam ba za ta kai shi allurar ƙyanda ba. Na ce, "Don me, 'yar'uwa?" Ta ce zamanin korona sau biyu aka yi wa maigidanta allura, amma ya kamu, ya kwana biyar yana tari. To, ina amfaninta? Mata da yawa suka gyaɗa kai. Abin da ta faɗa game da maigidanta gaskiya ne, amma shawarar da ta yanke tana iya jawo mata kuka, shi ya sa na kawo maganar filinmu.

Ku sani aiki biyu ake nema wajen allura. Na fari, ta hana cuta kama mutum sam. Na biyu, in ta kama shi, kada ta kai shi gadon asibiti ko kushewa. Allurar korona ta fi ƙarfi a aiki na biyu, balle da ƙwayar cutar ta sāke kama. A watan Nuwamba na 2021 likitocin Afirka ta Kudu suka ba da labarin wani sabon iri, aka sa masa suna Omikron. Wannan ya iya zamewa ya kama har waɗanda aka yi wa allura, amma galibinsu da sauƙi ya zo musu. Wanda ya yi tarin kwana biyar a ɗakinsa ya miƙe, kada ya yi saurin cewa an cuce shi.

Manyan ƙasashe ma sun zaci za su tare shi a bakin ƙofa. Ran 6 ga Disamba 2021 Ingila ta hana baƙi daga Nijeriya shiga ƙasarta. Ran 15 ga wata ta janye dokar, domin cutar ta riga ta bazu a cikin gidansu. Ƙasar Sin kuwa ta yi kusan shekara uku tana kulle garuruwa, a Disamba 2022 ta sassauta. Dalili shi ne mutum yana raba wannan cuta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ciwo, wani ma ba ya jin kome. Yaya za a tsare wanda shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba?

Agana ba haka take ba. 'Yan makaranta, ku roƙi kaka ta nuna muku tabon lamba a damtsenta, ta ba ku labari. Mai agana ba ya ɓoyuwa, ga ta nan a fuska, kuma galibi sai ta kwantar da shi ƙuraje sun fito sannan yake sa wa wani. A Disamba 1966 wani likita ɗan Amurka, William Foege, yana aiki a ƙasar Ogoja, maganin lamba ya kasa masa. Sai ya sa aka nemo ƙauyukan da cutar ta ɓulla, aka yi wa mutanen gidan da maƙwabta da 'yan kasuwar da suke ci, aka yi wa cutar zobe har ta mutu. Da irin wannan dabara aka gama da ita. Na ƙarshe da ya ɗauke ta a gari ɗan Somaliya ne, a 1977, kuma a 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya.

To, ƙyanda fa, baƙon dauron da ke ziyartarmu da bazara? Wajen gudu ta yi kama da korona, har ta fi. In yaro mai ita ya zauna da yara 10 marasa rigakafi, wajen 9 za su kamu. Tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan ya fita, kuma kwana huɗu kafin ƙuraje su fito ya fara rabawa. Saboda haka ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki da muke yi bayan ta feso, ya zo a makare, ko da yake a ci gaba da yi don tausayin jariran maƙwabta.

Amma wajen allura mun yi sa'a. Ƙwayar ƙyanda ba ta sāke kama ta tsere wa allurarta ba. Allura ɗaya tana tsare yara wajen 93 cikin 100, biyu kuwa wajen 97, kuma tsaron yana daɗewa ƙwarai. Sai dai saboda saurin cutar, sai an yi wa kamar 95 cikin 100 na yaran gari kafin ta rasa hanya. Gida biyar suka ƙi a unguwa, sun buɗe mata ƙofa, jaririn da bai isa allura ba shi zai fara sha. Cuta ce mai makantarwa, mai taɓa huhu, mai kisa.

Ana yin ta fari yaro yana wata 9, ta biyu yana wata 15. Ku ɗauko katin asibiti yau ku duba. Wadda ba ta karatu, 'yarta ta karanta mata. In lokaci ya wuce ma a kai shi, za a yi masa. Baiwar Allahn nan dai ta ce za ta shawarci maigida, na ce ranar Talata zan biyo mu tafi tare.